Ɗinkin Labbo

Labbo ya yi shekaru yana loda buhunan albasa a Aliero bai taɓa faɗuwa ba, sai ranar da ya zamo daga saman mota a kasuwar Jega ya dira da mazaunai kan wani tsinin ƙarfe. A asibiti aka ɗinke shi, aka ce in ya warke ya je ɗakin shan-magani na unguwarsu a cire zaren.

Matsalar ita ce, mai aiki a can Hafizu ne, mijin 'yarsa Sumayya.

"Ni in tuɓe wando gaban suruki? Gara zaren ya ruɓe a jikina," in ji shi a ransa.

Da wurin ya fara ƙaiƙayi, sai ya jira matarsa Murjanatu ta shiga madafa bayan azahar, ya ɗauko madubinta da sabuwar reza da hantsaki, ya sakaya ƙofa. Ya ajiye madubin a ƙasa, ya tsuguna kansa kamar kaza kan ƙwai. Abin da ya gani bai burge shi ba. In ya kai hannu dama, na cikin madubi ya tafi hagu. Da ƙyar ya tsinke zare guda, ya haɗa da fatar da ba ta yi laifin komai ba. Ya murɗa don ya duba ɓarnar, sai ƙugu ya riƙe.

"Wayyo! Murja!"

Ta turo ƙofa, ta tsaya da ludayi a hannu.

"Malam, mi kake nema cikin madubina?"

"Mutuncina," ya ce. "Kama ni in tashi."

Ta kwantar da shi rubda ciki, ta fita tsakar gida ta yi dariyarta ta ƙoshi, sannan ta buga wa Hafizu waya.

Hafizu ya zo da almakashi da auduga, ya durƙusa bakin ƙofa yana gaisuwa kamar ba zai gama ba. Sai lokacin Labbo ya lura gumi ya jiƙa wa yaron riga.

"Baba, ya kasuwar albasa bana?" ya tambaya, yana goge wurin.

"Ta faɗi," in ji Labbo, fuskarsa cikin matashi. "Mu duka mun faɗi."

Haka suka yi ta hirar taki da ban ruwa har aka zare na ƙarshe. Hafizu ya tattara kayansa, ya fita ya bar takalminsa ƙafa ɗaya.