Takalmin Hagu na Kujerar Tsalle

Maigidana ya rasu ya bar kujerar da takalmi ɗaya. Haka yake kiran lanƙwasasshen katakon nan da ake sa wa kujerar lilo a ƙasa, wai takalmi. Ya yanka na dama, ya goge shi, ya shafa gam, ya buga ƙusa. Na hagun ne bai samu yi ba. Ranar Talata ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, ranar Alhamis muka dawo daga asibiti babu shi.

Shi ba kafinta ba ne. Direban motar ma'aikata ne, shekara talatin da ɗaya yana kai mutane yana dawo da su. Da ya ajiye aiki sai ya rasa inda zai sa kansa. Ya share gareji, ya sayo zarto da guduma, ya shiga ɓata katako. Teburin farko da ya yi mini, sai da na cusa masa murfin kwalba a ƙafa ɗaya kafin ya daina rawa. Amma a hankali hannunsa ya faɗa.

Kujerar ta jikarmu ce, wadda muke kira Tsalle. Shekararta uku, ko abinci a tsaye take ci. Ya ce, "Tunda yarinyar nan ba ta zama, zan yi mata kujerar da ita ma ba ta zama, su je su ƙarata."

Bayan rasuwarsa ni ce na koma Tsalle. Wata biyar ban iya zama ba. In share falo, in sake sharewa. In kwashe kwanuka daga wannan kanta in mayar waccan. In buɗe ƙofar gareji, in ga kujerar ta karkace kamar mai ɗingishi, in rufe, in dawo bayan minti goma in sake buɗewa.

Wata Litinin 'yata, uwar Tsalle, ta zo ta tsaya a bakin kicin. Ta ce an yi wa mijinta canjin wurin aiki, Asabar za su tashi. Garin tafiyar kwana biyu ne a mota.

Na ce, "Kujerar fa?"

Ta ce, "Wace kujera kuma, Inna?"

Ta san wadda nake nufi. Tun da ubanta ya rasu ba ta taka garejin nan ba, ko giftawa za ta yi sai ta kawar da kai. Ni kuwa lissafina ɗaya: in suka tafi, kafin su dawo yarinyar ta fi ƙarfin kujerar, shi ke nan ya yi wahalar banza.

Tana fita na shiga garejin. Katako biyu suka rage a jingine, masu kyau, irin wanda ya yi na daman da shi. A bango, saman teburin aikinsa, ya yi rubutu da fensir. Ni a aji uku na tsaya, amma na haɗa baƙin a hankali: takalmi, ɗani 3.

Ba ya awo da tef. Da hannu yake yi, ya buɗe babban yatsa da na tsakiya ya taka katako da su, ɗani ɗaya, ɗani biyu. In na yi masa tsiya sai ya ce, "Tef ɓacewa yake yi. Hannuna kuwa ina zai je?"

Na kwantar da katako ɗaya, na auna ɗani uku, na ja layi. Na zana gantsarar da ido. Mai hankali da sai ya kara katakon a jikin takalmin da ke kan kujerar ya zana. Ni ban yi ba. Na ga rubutunsa, sai na ji kamar magana yake yi mini, na bi kawai.

Na kai wa kafintan bakin titinmu ya yanka mini da injinsa. Ya juya katakon, ya dube ni.

"Hajiya, ki kawo kujerar gaba ɗaya mana, in gama miki yau ɗin nan."

"A'a. Bi layin kawai."

"Direba ma haka yake, Allah ya jiƙansa. Ya zo ya ari kayan aikina, ya tsaya yana koya mini yadda ake riƙe su."

"To ni ban zo koya maka ba. Yanka."

Laraba duka a gareji na wuni. Na goge katakon har yatsuna suka yi fari. Ƙusa huɗu na lanƙwasa kafin biyu su shiga, na daki babban yatsana sau ɗaya. Na bar gam ya kwana.

Ranar Alhamis da hantsi suka zo. Uwar ta tsaya a bakin ƙofa, ƙafarta ba ta tsallake dokin ƙofar ba. Tsalle kuwa da gudu ta haye. Ta yi gaba, ta yi baya, sai kujerar ta fara juyawa hagu. Kowane lilo sai ta ɗan karkata, tana ja da gindi a kan siminti, har yarinyar ta koma tana kallon bango.

"Kaka, mota ce! Mota ce!"

Ta ƙara ƙarfi. Kujerar ta kife ta baya ta gefen hagu. Allah ya sa ina kusa, na cafe ta kafin kanta ya kai ƙasa.

Uwar ta daka tsawa daga inda take. "Inna, don Allah ki bar abin nan! So kike ki fasa mata kai? Baba ya tafi, ki bar kayansa su huta, ke ma ki huta!"

Na ce, "Abin da ya rubuta na bi. Ga shi can, ke da kika yi karatu, karanta."

"Ba zan karanta ba."

Na durƙusa, raina a ɓace, don in nuna mata ban yi kuskure ba. Na auna nawa: ɗani uku cif. Na koma kan nasa, na dama. Ɗaya, biyu, uku, katako bai ƙare ba. Sai da na kusa cika na huɗu.

Na tsaya ina kallon hannuna. Ɗan ƙaramin hannu ne, zoben yara nake sawa. Nasa kuwa in ya riƙe kofin shayi, kofin ɓacewa yake yi. Shekara talatin da shida ina ganin hannun nan, amma ban tuna ba. Na ce a fili, "Ka ce ina zai je. To ga shi ya tafi." Daga nan kuka ya ƙwace mini, irin wanda ko ranar rasuwar ban yi ba.

Ban ji shigowar 'yata ba. Inuwarta kawai na gani a kan kujerar. Ta tsuguna, ta ɗora hannunta a kan takalmin dama. Hannun nan da ƙawayenta suke mata dariya a makaranta, suna ce mata mai faranti saboda girmansa, wanda take ɓoyewa cikin mayafi in za a ɗauki hoto. Ta buɗe yatsu. Ɗaya, biyu, uku. Yatsanta na tsakiya ya sauka daidai bakin katakon.

Ta sake aunawa. Ta ja hanci, ta ce, "Saura katako nawa?"

"Ɗaya."

"To kada ki taɓa shi. Miƙo fensir."

Ita ta ɓamɓare gajeren takalmin da bayan guduma. Ta kwantar da kujerar a kan katakon ƙarshe, na danne mata, ta bi jikin na ubanta ta zana, sannan ta auna da hannu don ta tabbatar. Tare muka je wurin kafinta. Ya ce, "Yau kuma da injiniya aka zo?" Ta ce, "Bi layin kawai."

Asabar da safe motar kaya na tsaye a ƙofar gida, mijin 'yata yana ta duba agogo. Muka fito da kujerar tsakar gida, Tsalle ta hau. Ta yi gaba, ta yi baya, kujerar na nan inda aka ajiye ta. Ta ɓata fuska ta ce, "Wannan ba ta tafiya." Amma ba ta sauka ba. Na zauna a kan matakala ina ƙirga lilon, na kai sittin da wani abu kafin uban yarinyar ya ɗauke ta da kujerar gaba ɗaya.

Da suka tafi na shiga gareji in share. Gajeren takalmin na rataye a ƙusa, ban san lokacin da 'yata ta rataye shi ba. A ƙarƙashin rubutun ubanta ta ƙara layi ɗaya da fensir ɗinsa. Na ɗauki lokaci kafin in haɗa baƙin: na Inna, ɗani 4 saura kaɗan.