'Yar Shila Ba Ta Tsayawa a Rairayi

A shekara ta uku da samun mulkin kai, lokacin da gyaɗa ke tashe a ƙasar Tasawa, Alkasim ya sayi mota. Ba wata babbar mota ba ce. 'Yar ƙarama ce shuɗiya, irin wadda ake ƙera wa samari masu ƙaramin albashi da dogon buri. Rufinta na tamfol ne, ana naɗe shi baya in an so shan iska, fitilunta biyu sun ƙwalalo a gaba kamar idon kwaɗo. A hannun wani likita Bature da ke haɗa kayansa zai koma gida ya same ta da arha. Kafin mako ya zagayo mutanen gari sun raɗa mata suna 'Yar Shila, wai don ba ta gama girma ba.

Alkasim bai ji haushin sunan ba. Shekararsa ashirin da shida, ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Maraɗi, aikinsa kuma zagaya kasuwannin gyaɗa ya duba sikeli kafin a fara awo. Da can a saman buhuna yake tafiya bayan kamyo, babbar motar ɗaukar kaya, ya isa kasuwa wuyan rigarsa ya yi ja. Yanzu kuwa sai ya naɗe tamfol, ya ɗora baƙin tabarau, ya ratsa ta gaban gidan waya sau biyu a yini ko da ba mai aiko masa wasiƙa.

Ƙadri, wani tsohon direban kamyo, shi ya koya masa tuƙi a daji. Darasinsa ɗaya ne, kullum shi yake maimaitawa.

"In ka shiga rairai kada ka tsaya. Ƙahwarka bisa wuta hal ka hita. Ko kwamanda ka gani bakin hanya, ɗaga mishi hannu ka wuce."

Alkasim ya riƙe wannan da kyau, don shi mutum ne mai riƙe darasi.

To, hanyar kasuwar Hawandawaki ta bi ta gefen ƙauyen da ya tashi. Daidai bakin ƙauyen akwai wani kwari da rairayi ya taru, mai laushi, mai zurfi, tsawonsa ya kai tafiyar minti biyu a mota. A tsakiyar kwarin wani gawo yake tsaye, a gindin gawon kuma, duk ranar kasuwa, Kawu Illo yake zama yana tufka igiya yana kallon jakuna suna wucewa.

Kawu Illo wan mahaifiyar Alkasim ne. Ita ta rasu tun yaron bai bar nono ba, shi ya sa a gidan ba a taɓa kiransa da wani suna ba sai Talle, sunan maraya. Kawu ne ya raine shi, shi ya kai shi lakwal da mutane suna cewa ya yi wauta. Shekara talatin ya yi yana fatauci da jakuna tsakanin nan da Katsina, kuma a duk shekarun nan bai taɓa gaida wanda ya girme shi daga saman dabba ba. Haka ake yi a ƙasar. Mai doki ya sauka, mai jaki ya sauka, mai raƙumi ma ya durƙusar da raƙuminsa, a gaisa ƙafa a ƙasa, sannan kowa ya kama gabansa. Alkasim ya san wannan tun yana ɗan shekara bakwai, ranar da ya gaida wani tsoho yana kan jaki, Kawu ya sauko da shi ta kunne.

Ranar da ya fara bin hanyar da 'Yar Shila, bai tuna da kunnensa ba sai da ya shiga kwarin. Motar ta fara lilo, sitiyari ya yi sako-sako a hannunsa, ya danna wuta yadda aka koya masa. Can ya hango gawon, ya hango mutane biyar ko shida a inuwa. Ɗaya daga cikinsu ya miƙe, ya ajiye igiya, ya tako zuwa bakin hanya cikin farar riga. Alkasim ya danna oda sau biyu, ya ɗaga hannu sama har ta rufin, ya wuce. A madubi ya ga tsohon yana nan tsaye inda ya bar shi.

Da la'asar da ya taso daga kasuwa ya ajiye motar a tudu, inda ƙasa ke da ƙarfi, ya tako da ƙafa zuwa gida. Ya tuɓe takalma a bakin zaure ya durƙusa.

"Barka da yini, Kawu."

"Barka kadai, Malam Alkasim. Ina gajiya? Ina aiki? Ina mutanen Tasawa?"

Ba abin da ya rage a gaisuwar. Tsohon ya tambayi lafiyar kowa, bai ɗaure fuska ba, bai ɗaga murya ba. Sunan ne kawai. Tunda Alkasim yake bai taɓa jin wannan suna daga wannan bakin ba, sai ya ji kamar an ba shi tabarma a gidan da ya saba zama a ƙasa. Ya shiga bayani, yadda rairayi yake da yadda mota take, da abin da Ƙadri ya ce. Kawu ya saurara har ƙarshe.

"To, madalla. Kowace dabba da halinta," in ji shi. Ya juya wajen cikin gida. "Shatu, a kawo ma baƙo ruwa."

Inna Shatu, matar Kawu, ta kawo ruwan da kanta. Da ta rako shi bakin darnin karan da ya kewaye gidan ta yi ƙasa da murya.

"Tun hantsi yas sa rigar Salla. Ya ce ma mutane yau za su ga motar Talle, hal su taɓa ta."

Alkasim ya koma Tasawa bai naɗe tamfol ba. Abin ya dame shi ƙwarai, kuma ya san ba a gyara irin wannan da goro ko turmin yadi.

Mako ya zagayo. Wannan karon da ya kai daidai gawon sai ya ɗage ƙafa ya taka birki. 'Yar Shila ta tsaya cak, ta ɗan zauna. Ya fito, ya tuɓe takalma, rairayin na ƙona masa tafin ƙafa, ya durƙusa ya gaida kawunsa a gaban mutane.

"Sannu da zuwa, Malam Alkasim," in ji Kawu.

Ashe sau ɗaya ba ya isa. Alkasim ya yi sallama, ya koma mota ya tada ta. Tayoyin gaba suka juya a wuri ɗaya, suka watso rairayi, motar ta ƙara nutsewa. Ya sake gwadawa, ta zauna har cikinta ya taɓa ƙasa. Masu zuwa kasuwa suka ɗaure jakunansu suka taru, don ba kullum ake samun kallo kyauta ba. Aka tona da hannu da ƙwarya, aka kwaso karan gero daga gonar da ke kusa aka cusa ƙarƙashin tayoyi, aka tura. Ta yi taku huɗu a kan karan, da ya ƙare ta sake zama. Aka sake tonawa. Wani ya ba da shawara a ɗaura mata jakuna biyu, wani ya ce ai sai ta girma tukuna.

Kawu Illo bai tashi daga inda yake ba, igiyarsa ma bai ajiye ba. Sau ɗaya kawai ya yi magana, lokacin da Alkasim ya zo kusa da shi yana share gumi.

"Karan nan, mi yaka yi mata?"

"Shi ka riƙe ƙahwarta, Kawu, kada ta nutse."

"Uhm," in ji tsohon, ya ci gaba da tufkarsa.

Sai bayan azahar aka fitar da ita. A Hawandawaki manoma sun yini a rana kusa da buhunansu, tunda ba a awo sai mai duba sikeli ya duba, wasu har sun ɗora kayansu sun juya gida. Labari ya riga Alkasim isa Tasawa. Washegari shugaban biro, wato ofishinsu, ya kira shi, ya bar shi a tsaye.

"Aikin sikeli anka ba ka ko na gaisuwa? Encore une fois, ka sake ko sau ɗaya, sai in ba wani aikin."

Alkasim ya auna abin ta kowane gefe, shi da awo ne aikinsa. In ya wuce, ya wuce kawunsa. In ya tsaya, ya tsayar da kasuwa. In ya ajiye motar a tudu ya tako kuwa, ya riga ya ga abin da hakan ya saya masa: ruwan baƙo. Sai ya yi abin da masu ilimi kan yi in lissafi ya ƙi fita, ya sauya hanya. Akwai zagaye ta wajen Maijirgi, mai nisa, mai cin esansi, wato man mota, amma ba gawo a kanta. Ya riƙa tashi da sassafe yana bi ta can. Ya ce wa kansa ranar Lahadi zai je gida musamman ya zauna da Kawu su yi magana a tsanake. Lahadi uku suka wuce, kowace da uzurinta, 'Yar Shila kuma ta sha wanki.

A mako na huɗu, ya gama duba sikeli a Hawandawaki ya je shan fura wajen Maryamu, wata Bafillatana da ke kawo nono daga rugarsu. Hanyarta ta gaban gawon take bi, ta kuma san shi tun yana yawo ba wando. Tana dama masa tana kallonsa.

"Alkasim, kawunka lahiya dai?"

"Lahiya lau. Wani abu ya faru?"

"Mu dai mun ga yana yi ma hanya shimhiɗa. Duk ranar kasuwa tun da sahe shina nan da kara, shi ɗai, shina jerawa shina ɗaurewa da igiya. Jakkai su bi su ci, iska ta rufe saura, wani mako ya sake. Karan gonarshi ya ƙare, yanzu darnin gida yaka kwancewa. Shatu ta yi magana hal ta gaji."

Alkasim ya riƙe ƙwaryar bai kai baki ba.

"Ba wanda ya tambaye shi?"

"An tambaye shi mana. Ya ce wurin sauka yaka yi." Ta miƙa masa ludayi. "Sai ya zamna hal la'asar, ya kwashe igiyarshi ya shiga gida. Sha, kada ta tsinke."

Bai sha ba. Ya biya ta, ya tattara duwatsun awonsa ya zuba a kujerar baya. Kunya ce ta kama shi, irin wadda ba ta barin mutum ya gaisa da kowa, ya ratsa kasuwar kansa a ƙasa har ya kai mota.

Rana ta karkata sa'ad da ya shiga kwarin ta ɓangaren kudu. Motar ta fara lilonta, ya danna wuta. Daga nesa ya hango abin: kara a jere gicciye kan hanya, daidai gaban gawon, tsawon taku goma sha wani abu, faɗinsa ya ɗara motar kaɗan. An ɗaure shi kashi-kashi da sabuwar igiya yadda ake ɗaure asabari. Wanda ya yi aikin ya auna sawun tayoyin da aka bari ranar da aka yi tura, bai yi kuskure ba. A bayan gawon gidan Kawu yana tsaye rabinsa tsirara, ana hango rumbu da turmi da Inna Shatu tana tankaɗe, duk mai wucewa yana iya ganin abin da ke tukunyarsu.

Alkasim ya ɗage ƙafa. Tayoyi suka hau karan, ya yi ƙara yana karyewa, motar ta tsaya a kansa ba ta nutse ba.

Yau ba kowa a inuwar sai tsohon. Ba farar riga, tsohuwar taguwarsa ce ta gona, hannuwansa duk sun yi kaushi da tsagar kara. Alkasim ya tuɓe takalma ya durƙusa a gabansa.

"Barka da yini, Kawu."

"Barka kadai. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ina aiki? An yi awon gyaɗa lahiya?"

"Lahiya lau."

"Ina mutanen Tasawa?"

Haka suka bi gaisuwar har ƙarshenta, ba suna ko ɗaya a ciki. Kawu bai tambayi inda ya shiga mako uku ba, Alkasim kuma ya nemi bayanin da ya tanada a hanya ya rasa. Tsohon ya ajiye igiyar, ya leƙa ta gefensa yana duban tayoyin motar, ya daɗe yana dubawa kamar mai sayen jaki.

"Talle," in ji shi, "jawo ta gaba kaɗan. Wanda ka taka na makon jiya na, gara ta ci shi."

 Alkasim ya miƙe ya nufi motar, ya bar takalmansa a gindin gawo.