Ɗan Raƙumi a Rijiyar Bayan Batagarawa

Haulat na tsakiyar ɗinka wuyan wata riga a shagonta da ke bakin Babbar Kasuwa sai wayarta ta yi ƙara. Dakta Sada ne, likitan dabbobin da ke jagorantar 'yar ƙungiyarsu ta 'yan sa-kai, masu kula da dabbobin da suka ji rauni ko aka yasar. Ko gaisuwar kirki bai tsaya sun yi ba.

"Haulat, majanyin tamfol ɗin nan da kika ɗinka mana, yana wajenki?"

"Yana nan, Dakta. Lafiya dai?"

"Ɗauko shi ki fito titi, ga mu nan tafe. Ɗan raƙumi ne ya faɗa rijiya a bayan Batagarawa."

Ta miƙe har tana ture kujera. Tunda ta shiga ƙungiyar, aikinta bai wuce wanke wa jakuna gyambo da ba 'yan kyanwa madara da sirinji ba. Majanyin kuwa ita ta ɗinka shi da hannunta don ciccibar dabba mai nauyi, amma ba a taɓa gwada shi ba. Ta zura dogon wando da takalmin roba, ta ja ƙofar shagon, ta fita da gudu.

Mudassir, direban ƙungiyar, ya ja a-kori-kurarsu kamar zai tashi sama. Damina ce, hanyar gona duk taɓo, ga gero ya yi tsawo hagu da dama. Tun kafin su hango wurin suka fara jin rurin taguwa, uwar ɗan raƙumin.

Tsohuwar rijiya ce da ciyawa ta rufe bakinta. Manoma sun baro noma sun taru, amma kowa ya tsaya nesa, don uwar ɗan raƙumin tana zagaya ramin tana kumfa, duk wanda ya matso sai ta kai masa cizo. Mai ita, wani dattijon makiyayi da ake kira Malam Isiyaku, ya tarbe su idanunsa jajur.

"Sannunku da zuwa, Allah Ya saka. Tun hantsi yake ciki. Ɗazu yana kuka, yanzu ya yi shiru."

"Baba, in ba a kwantar da uwar ba, ba abin da za mu iya," in ji Dakta Sada.

Dattijon ya warware rawaninsa, ya nufe ta yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Da ƙyar ya samu ya rufe mata ido da rawanin, ya gurfanar da ita, ya ɗaure mata ƙafar gaba. Nan da nan aka kafa ƙarafuna uku a kan bakin rijiyar, aka rataya igiya ta kan wani ƙaramin wili.

Dakta Sada ya haska tocila ya leƙa, sai ya girgiza kai. Rijiyar ba ruwa sai laka, amma ta tsuke daga ƙasa, ɗan raƙumin ya cike kusan duk wurin. Shi da Mudassir duk ƙarti ne, ba wanda zai samu inda zai durƙusa.

"Ni zan shiga," in ji Haulat.

Wani manomi ya ce, "Mace cikin rijiya?"

"To kai shiga mana," in ji na kusa da shi, aka kwashe da dariya.

Dakta Sada ya dube ta. "Kin tabbata? In kika ji numfashinki ya yi nauyi, ki ja igiya mu fiddo ki. Ba gardama."

"Na ji, Dakta."

Ta tattare hijabinta ta ɗaure a ƙugu, aka zagaya mata wata igiyar, ta ɗauki majanyin, ta yi bismillah. Tana sauka haske na raguwa, sanyi da warin laka na ƙaruwa. Da ƙafarta ta taɓa ƙasa sai ta nutse har ƙwauri. Ga shi nan a gabanta, dogayen ƙafafunsa a lanƙwashe, wuyansa jingine da bango. Ta ɗora hannu a hancinsa. Sai ta ji ɗumi, sannan wasu leɓɓa masu laushi suka kama yatsanta suna tsotsa.

"Yana da rai!" ta ƙwala. "Wallahi yana da rai!"

Daga sama ta ji an ɗauki kabbara.

Ta tona lakar da hannu biyu har ta samu ta tura majanyin ta ƙarƙashin ƙirjinsa, ta ƙulla. Aka fara ja. Ya ɗan ɗago, sai majanyin ya zame zuwa wuyansa, ya fara shure-shure.

"Ku saki! Ku saki!"

Suka sassauta. Yayyafi ya soma sauka a fuskarta, ƙasa na ɗan zubowa daga bango. Dakta Sada ya leƙo. "Haulat, hadari ya taso. In bai yiwu ba a wannan karon, fitowa za ki yi."

Ta cire ɗankwalin da ke ƙarƙashin hijabinta, ta zagaya shi ta bayan ƙafafunsa na baya, ta ɗaure da majanyin don kada ya sake zamewa. Ta manna bayanta da bango.

"Yanzu! A hankali!"

Lakar ta sake shi da wata irin ƙara. Ya wuce ta gaban fuskarta yana lilo, ƙafafunsa na reto, yana tafiya sama har ya toshe hasken gaba ɗaya. Can sai haske ya dawo, ihu ya ɓarke.

Abin da ya biyo baya ji kawai ta yi. Muryar Dakta Sada na cewa a murza masa ƙafafu. Muryar Mudassir na cewa, "Ya tashi! Kai, ya faɗi. Ya sake tashi!" Sai rurin taguwar ya sauya ya koma gurnani mai taushi. Haulat ta tsaya cikin laka tana dariya ita kaɗai. Ta jira, ta jira, ba wanda ya leƙo.

"Jama'a! Ni fa?"

Fuskar Mudassir ta bayyana a bakin rijiyar, ya dafe kai. "Innalillahi! Dakta, mun manta Haulat!"

Da aka jawo ta, laka tun daga goshi har ƙafa, ta tarar an kwance taguwar, ga ɗan raƙumin tsaye yana tangaɗi a ƙarƙashin uwarsa, yana shan nono kamar zai shiɗe. Dakta Sada ya ce ba karaya a jikinsa, sai ƙujewa a gwiwa. Manoman kuma har sun fara jawo itatuwa da ƙaya suna rufe bakin rijiyar.

Malam Isiyaku ya taso. Ya zagaya ɗaya gefen taguwar, ya tatso nono a 'yar ƙwarya, ya miƙo wa Haulat da hannu biyu.

"Ɗiyata, amshi ki sha. Allah Ya yi maki albarka, Ya ji ƙan mahaifa."

"Amin, Baba. Amma ni ban taɓa shan nonon raƙumi ba."

"To yau kin fara."

Ta kurɓa. Da ɗumi, da ɗan gishiri-gishiri. Ta shanye tas, ta goge baki da bayan hannu, ta ƙara shafa wa fuskarta laka. Ruwan ya kece kamar da bakin ƙwarya, suka ruga mota suna dariya, Mudassir na ta ba ta haƙuri har suka hau kwalta.