Gadon Jariri a Gidan Pruitt

Babanmu, Walt Pruitt, ya yi ritaya daga masana'antar ƙarfe ta garinmu a jihar Ohio ta Amurka, tun daga nan ba shi da zance sai na jika. Mu biyu ya haifa, ni da yayana Glenn. Ni ban yi aure ba, don haka ido ya koma kan Glenn da matarsa Marcy.

Ranar Bikin Godiya, da iyalai ke haɗuwa cin abinci duk shekara, muka taru. Mama ta ajiye gasasshen talotalo ke nan, sai Baba ya shiga gareji ya jawo gadon jariri, sabo fil, da hannunsa ya sassaƙa.

"To, na yi nawa," in ji shi. "Saura ku. Ko sai na mutu?"

Babu wanda ya yi dariya. Marcy ta yi ɓari a bara, jini ya kusa kashe ta, kowa a teburin ya sani.

"Baba, gadon ya yi kyau," ta ce a hankali, "amma..."

"Ba da ke nake ba, ɗana nake tambaya."

Glenn mutum ne da bai taɓa musu da Baba ba. Ya ajiye cokali.

"Ba za a yi jika ba, Baba. Bayan ta fito asibiti na je aka yi mini aikin hana haihuwa. Ni na yanke, ba ita ba."

"Ka kashe mana suna ke nan."

"Matata na ƙi kashewa."

Baba ya buga tebur har romo ya zube. "Tashi ka bar mini gida!"

Suka miƙe. Mama ma ta miƙe. Ta ɗauki farantin talotalon ɗungurungum, ta sa rigar sanyinta.

"Ina za ki, Arlene?"

"Inda 'ya'yana za su ci abinci," ta ce.

Na ji tashin motarsu. Na so in bi su, amma na dubi Baba, ya tsufa a gabana cikin minti ɗaya. Na zauna. Muka ci dankali da wake, ba mai kallon wani.

Mama ta dawo washegari. Glenn kuwa sai bayan watanni, da sanyi ya wuce ƙanƙara ta narke, sannan Baba ya buga masa waya, wai injin yankan ciyawarsa ya ƙi tashi. Glenn ya zo ya gyara. Marcy ta jira shi a mota.