Jan Murfi Sama

Doka ɗaya ce a jirgin binciken, ko ɗan koyo ya san ta: in an ciro bututun laka daga ƙasan teku, jan murfi sama, baƙi ƙasa. Kodjo ya tsufa a aikin nan, shi ne ma ke yi wa mutane faɗa a kai. Amma ranar da suka fita teku daga Kwatano, igiyar ruwa ta juya masa hanji, yana amai yana rufe bututun Afiavi, ɗalibarsa.

Afiavi na nazarin wasu halittu ne masu kwanso, ƙanana kamar tsakin gero, da ke zaune a saman laka. Rini ake zuba musu: wanda aka kama da rai ya yi ja, tsohon kwanso ya tsaya fari. Ta yanka daga wajen jan murfi, ta rina, ta leƙa madubin ƙara girman ƙananan abubuwa. Fari fat.

"Yaya Kodjo, zo ka gani. Babu mai rai ko ɗaya. Iska ta ƙare a lakar wurin nan."

Ya leƙa, ya tuna ranar aman nan. Da ta fita ya yanki wajen baƙin murfi ya rina, sai ga su jajur, cike da faranti. Ashe juya murafan ya yi.

Maimakon ya faɗa, bawan Allah ya ja bakinsa ya tsuke. Yana kallo yarinya ta ɗora digirinta kacokan a kan mataccen tekun da ba ya nan. Kunya ta hana shi magana, shirun kuma ya fi kunyar ci masa rai.

Ana gab da ta tsaya gaban malamai, ta kawo masa akasa, tuwon kamun masara, da soyayyen kifi.

"Ci, tsoho, ka rame. Shugaban sashe ya ce in sake ɗebo laka in tabbatar. Na ce bututun da Yaya Kodjo ya rufe ba ya bukatar shaida."

Ya ture abincin gefe. Ya tashi ya ɗauko farantin jajayen halittun nan da ya ɓoye, ya sa a ƙarƙashin madubi.

"Daga baƙin murfi ne, ƙanwata. Ni na juya."

Ta daɗe tana leƙawa.

"Yaushe ka sani?"

"Tun ranar."

Ba ta zage shi ba, da ma ta zaga. Ta ce, "To, Malam," ta je ta fara wanke rariyar tace laka. Tun zuwanta ba ta taɓa kiransa Malam ba.