Takardar da Dilia Ta Kawo daga Sincelejo

Shekara goma sha tara Dilia Berrío ta yi tana suyar kifi a gidan abincin Nemesio da ke bakin teku a Tolú, kuma duk tsawon shekarun nan tukwicin mai cin abinci bai taɓa shiga hannunta ba. Ita tana baya, tsakanin kaskon mai da tukunyar shinkafar kwakwa. Tukwici na 'yan gaba ne, su Ulpiano da Yadira masu kai faranti tebur. Haka ta tarar, ba ta kuma taɓa tambaya ba.

Da Janairu ya kama, gwamnati ta ƙara mafi ƙarancin albashi kamar yadda ta saba, sai dai ƙarin bana ya yi wa Nemesio nauyi. Kifi ya yi tsada, ga injin sanyi ya mutu masa sau biyu. Ran Litinin da safe ya tara ma'aikatansa su shida, ya ɗora wani akwatin katako mai kwaɗo a kan teburin karɓar kuɗi.

"Daga yau duk tukwici a nan zai shiga," in ji shi. "Daga ciki zan cika wa kowa ƙarin da aka ce."

Ulpiano, wanda ya fi kowa daɗewa a gaba, ya dubi akwatin. "Maigida, wato da kuɗinmu za ka biya mu?"

"Da kuɗin da aka samu a ƙarƙashin rufina."

Gardama ta kaure. Dilia ta ci gaba da ɓare tafarnuwa, har sai da Ulpiano ya juyo kanta.

"Inna Dilia kam ai ba ta da ta cewa. Za a yanko daga cinyarmu a ƙara mata, me zai dame ta?"

Maganar ta tsaya mata a rai. Ba ta taɓa cin haƙƙin kowa ba, ba ta kuma son a fara ciyar da ita da shi da tsufanta. Ran Laraba, ranar hutunta, ta shiga mota zuwa Sincelejo karɓo maganin hawan jini. Da ta fito daga kantin magani sai ta tambayi inda ofishin ƙwadago yake.

A ofishin, wata matashiyar ma'aikaciya mai tabarau ta saurare ta har ƙarshe. Dilia ba ta faɗi sunan gidan ba, cewa ta yi wata ƙawarta ce ta aiko ta.

"Inna, ki gaya wa ƙawar taki tukwici ba albashi ba ne," in ji matashiyar tana murmushi. "Mai gida zai biya albashi cikakke daga aljihunsa, tukwici kuma, shi mai gidan ba shi da ko sisi a cikinsa. Ita ƙawar taki, wane aiki take yi?"

"Suya."

"Nawa ake ba ta daga tukwicin?"

"Ai ita ba ta kai faranti."

Matashiyar ta cire tabarau. Ta yi mata bayani a hankali cewa duk wanda hannunsa ya shiga hidimar abincin yana da rabo, har mai wanke kwanuka, kuma ma'aikata su ne za su zauna su yarda da yadda za a raba. In ba su yarda ba, a raba daidai. Ta buga mata wannan a takarda. Dilia ta ninke ta, ta cusa cikin ledar magani, ta yi ta juya abin a ranta duk tsawon hanya. Ta je nema wa wasu gaskiya, ta dawo da abin da zai ɓata wa kowa rai.

Washegari ta jira aka gama shara, sannan ta miƙa wa Yadira takardar ta ce ta karanta da ƙarfi. Da aka karanta rabin farko, Ulpiano ya buga tebur yana dariya. "Inna Dilia, na janye maganata. Allah ya ja kwana."

"Dakata tukuna, ɗana," in ji Dilia. "Yadira, ci gaba."

Da aka kai ƙarshe, dariyar ta ɗauke.

"Ni nake tsayawa a rana," in ji Ulpiano. "Ni nake shan rashin mutuncin baƙi, ni nake yi musu murmushi ko ƙafata na ciwo."

"Gaskiya ne," in ji Dilia. "Amma ka taɓa ganin wanda ya ba ka tukwici a kan ɗanyen kifi?"

Yadira ta ƙyalƙyale da dariya, sannan ta rufe baki. Nemesio kuwa ya ja kujera ya zauna, ya kasa duban kowa.

"To sai in rufe," ya ce. "Ba mugunta ba ce, Dilia. Babu ne."

Dilia ta san shi tun yana bin mahaifinsa kamun kifi da gajeren wando, ta kuma san ba ƙarya yake ba. Ta zauna kusa da shi.

"Nemesio, ƙarfe shida muke zuwa gyaran kifi. Wuta na ci, mai na kan wuta, ƙofa kuma a rufe har sha ɗaya. Masunta da direbobi suna wucewa ta gabanmu da yunwa. Bari in soya wainar masara mai ƙwai, a dafa gahawa, a buɗe taga ɗaya. Farantin kifi kuma ka ƙara masa kaɗan. Shekara uku kana jin tsoron taɓa farashin nan, wanda ya taho tun daga Medellín don ya ga teku ba zai koma saboda peso dubu biyu ba."

"In ba a saya ba fa?"

"Sai ka cinye wainar, dama ka rame."

Bai yi dariya ba, amma ya cire kwaɗon daga jikin akwatin ya sa a aljihu.

Rabon ne ya fi wuya. Kwana uku ana ja. Ulpiano ya ce kashi takwas cikin goma na 'yan gaba, mai wanke kwanuka ya ce a raba daidai tunda haka takarda ta ce. Dilia ce ta yanke, ta ce shida gaba, huɗu baya, domin ita ma ta san ba za ta iya yi wa mashayi murmushi ba. Kowa ya sa hannu, Ulpiano a ƙarshe. Mako biyu yana kiran odar abinci ta tagar kicin ba tare da ya gaishe ta ba.

Wainar ba ta karɓu nan take ba. Ranar farko goma sha ɗaya aka sayar. Amma wani direba ya gaya wa wani, kafin ƙarshen wata sai da Nemesio ya fito da benci biyu, shi da kansa yake zuba gahawa. Albashi ya fita cikakke, ko da yake ya makara da kwana biyu, ya kuma bi kowa ya ba shi haƙuri.

Wata Lahadi da rana Ulpiano ya leƙo kicin, bayansa wata mata da 'ya'yanta biyu. "Inna, wai sai sun ga wadda ta yi shinkafar nan. Na ce musu ni ne, sun ƙi yarda."

Dilia ta goge hannu a jikin zani ta fito. Matar ta riƙe hannunta tana yaba girkin, ita kuwa ta rasa inda za ta sa idonta.

Da yamma Yadira ta raba tukwicin mako, ta miƙa wa Dilia nata a ambulan. Dilia ta leƙa ciki, ta rufe. A bakin titi ta tsayar da mai keken haya, ta hau kujerar baya ta miƙe ƙafafunta.

"Unguwarku kai tsaye, Inna?" in ji mai keken.

"A'a. Bi ta bakin ruwa, kuma kada ka yi sauri."