Fayil ɗin Yaya

Shekara huɗu Auta tana riƙe da Mai Kati a zuciya. Shi ke kula da fayilolin marasa lafiya a asibitin unguwa, ga baki kamar lalataccen famfo. Shi ya buɗe fayil ɗin yayarta, ya ga tana shan maganin farfaɗiya, ya fesa wa hedimastanta a shagon aski. Kafin sati biyu an sallami Yaya daga koyarwa. Da suka kai ƙara ya rantse ya maya, kuma babu shaida, don duk ma'aikatan da lambar sirri ɗaya suke shiga kwamfuta, tana ma manne a bango da salatif.

Kwatsam sai aikin sabon tsarin fayil ya faɗo hannun Auta, da ma haɗa manhaja ce sana'arta. Ta tsara shi yadda fayil ba ya buɗuwa sai mai shi ya amince ta wayarsa. Ta ƙara abu guda: kwamfutar za ta ɗauki hoton mai nema ta aika tare da tambayar. An sanar da ma'aikata a rubuce, amma ta san Mai Kati ba ya karanta takardar da babu asirin wani a ciki.

Ranar gwaji ta lallaɓo Yaya, ita kuma ta bi ta tagar Mai Kati, ta gaishe shi, ta ce ta zo ganin likita kafin ta kama sabon aiki. Daga nan suka hau ɗakin taro, aka haɗa wayar Yaya da babban allo a gaban shugabar asibiti da likitoci. Minti goma wayar ba ta yi ƙara ba. Auta tana bayani, gumi na bin bayanta.

Sai wayar ta yi ƙara. Ga fuskar gogan ta cika allo, tsinken sakace a baki, ido ƙur, a ƙasa an rubuta: a buɗe masa ko a hana?

Shugabar ta cire tabarau, ta ce a kira mata shi. Wani sanyi ya ratsa Auta har tafin ƙafa, ko ɗigon tausayi ba ta ji ba. Ta raɗa wa Yaya ta danna "a hana".

Yaya ta naɗe hannu.

"Ba yanzu ba," ta ce. "Bar shi a nan tukuna. Kowa ya kalle shi yadda aka kalle ni."